Daga Duwatsun Dange Zuwa Ƙashin Dainoso: Jagora Ga Ɗalibin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa ɗaukar farin dutse a wajen Kalambaina ya ga ɓawon katantanwa ko na makankari a manne cikinsa, to ya riƙe irin abin da masanin burbushin halittun dauri yake aiki da shi. Wannan jagora ta ɗalibin Sakkwato ce, na sakandare ko na jami'a, wanda zuciyarsa ta kwanta da binciken dainoso, dabbobin nan da suka rayu a dauri can: yadda jikinsu yake, abin da suka ci, yadda suka yi tafiya, da yadda suka yi da ƙwansu da 'ya'yansu. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma ƙanwata, har da ke nake.

Tun farko ka san cewa hanyar tana cin shekara 10 zuwa 12 bayan sakandare kafin a kira ka masani, kuma guraben aikinta kaɗan ne ko a Turai da Amurka. Sai dai babban kaso na horon da kake bukata yana nan gida, ba sai ka jira biza ba. A Nijeriya, in ana maganar ƙasusuwan dabbobin dauri, Sakkwato ake fara ambata. Ɗaya daga cikin manyan makabartun dainoso na Afirka kuma tana hannun maƙwabtanmu, a Jamhuriyar Nijar.

Mataki na 1: Ka san ƙasar da kake takawa

Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, a ƙarshen zamanin dainoso, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya kwanta a kan wannan yanki namu. Ya janye, ya sake dawowa, kowane zuwa yana barin laka da yashi da ɓawon halittu. Su ne suka daskare suka zama da yawa daga cikin duwatsun kwarin Sakkwato, wanda shi ne gefen kudu maso gabas na babban kwarin Iullemmeden da ya mamaye yammacin Nijar har cikin Mali.

Masana jiyoloji, wato ilimin duwatsu, sun raba shimfiɗun dutsen nan, suka sa musu sunayen garuruwanmu. Daga ƙasa zuwa sama: Gundumi da Illo, sai Taloka, Dukamaje da Wurno, sannan Dange, Kalambaina da Gamba, sai Gwandu a can bisa. Ka haddace wannan jeri tun yanzu, domin duk abin da za ka tsinta ba shi da ma'ana sai an san daga wace shimfiɗa ya fito. Taloka, Dukamaje da Wurno sun kwanta ne lokacin da dainoso suke raye. Dange, Kalambaina da Gamba kuwa sun zo bayan babbar halakar da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda mafi yawan masana suke dangantawa da faɗowar wani ƙaton dutse daga sama a Chicxulub ta ƙasar Meziko. Wanda ya duba dutse a Wurno da safe, ya duba na Dange da yamma, ya ga duniya kafin halakar da bayanta a yini ɗaya.

Shimfiɗar Dukamaje ita ce ta fi ba da ƙashi. Laka ce mai falle-falle, da jifsam, wani farin ma'adini mai laushi, a cikinta. A 1930 William Swinton ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka kwasa daga lardin Sakkwato zuwa Landan. Daga baya masu bincike na jami'ar Florence ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka samo ƙoƙon kan irin dabbar mai waɗannan ƙasusuwa a gundumar Goronyo, a 1972 suka sa mata suna Goronyosaurus nigeriensis. A 1975 Beverly Halstead ya sa wa wani kada mai dogon baki suna Sokotosuchus. Akwai kuma kififiya da haƙoran kifin shak da yawa.

A nan ne ɗalibai suke fara tuntuɓe. Goronyosaurus ba dainoso ba ne. Ƙaton mai rarrafe ne na teku, daga dangin da ake kira mosaso, kuma danginsa na yau su ne guza da macizai. Kada ma ba dainoso ba ne, ɗan'uwansu ne dai na kusa. Dainoso dabbobin tudu ne masu ƙafafu miƙe a ƙarƙashin jiki, kuma reshe ɗaya daga cikinsu bai mutu ba: tsuntsaye. Kazar da ke tono a tsakar gidanku jikar dainoso ce.

To ina dainoson yake? Ka ƙetara Illela, ka nausa arewa wajen Agadas. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya haƙo Ouranosaurus nigeriensis, ya bayyana shi a 1976. Ba'amurke Paul Sereno na jami'ar Chicago da ayarinsa sun fito da Afrovenator a 1994, Suchomimus a 1998, sai Jobaria da Nigersaurus a 1999. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai ƙwarangwal ɗin dainoso a tsaye, kowa yana iya zuwa ya gani. Shimfiɗun Gundumi da Illo namu kuwa, waɗanda koguna suka ajiye a tudu, masana suna haɗa su cikin babban rukuni ɗaya da duwatsun Nijar masu dainoso, kuma an san Gundumi da itatuwan da suka zama dutse. A ganina wuri ne da ya cancanci a taka shi da ƙafa, kwazazzabo bayan kwazazzabo.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙoƙon kan da aka haƙo a Goronyo yana Florence, na Swinton suna Landan. Yaron Goronyo bai taɓa ganin dabbar da ke ɗauke da sunan garinsu ba. Cornelius Kogbe, masanin jiyoloji ɗan Nijeriya, ya yi babban aiki a kan shimfiɗun kwarin nan, amma a fannin ƙasusuwan kansu har yanzu sunayen baƙi ne suka fi yawa a takardun bincike.

Mataki na 2: Darussan sakandare da JAMB

Ka shiga ajin kimiyya. Ka nemi kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji a WAEC ko NECO. Labarin ƙasa zai taimake ka wajen karanta taswira. Kafin ka cike fom ɗin JAMB, ka duba littafin ka'idojinta na shekarar, domin haɗin darussan da ake nema yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

Kada ka raina lissafi da zane. Mai binciken dainoso yana kwana cikin awo da ƙididdiga, kuma wanda ya iya zana ƙashi da fensir ya fi mai ɗaukar hoto ganin abin da ke jikinsa. Faransanci ma ka fara taɓawa tun yanzu. Yawancin tsofaffin rahotannin duwatsun Nijar da shi aka rubuta su, kuma da shi za ka nemi izinin bincike a Yamai. Hausarka kuwa za ta kai ka Tawa da Agadas ba tafinta, abin da Baturen da ya zo daga Chicago ba shi da shi.

In Baba ya tambaye ka wane irin karatu ne wannan, kada ka fara masa da dainoso. Ka ce, "Baba, ilimin duwatsu ne. Da shi ake gano inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse, da shi ake gano dutsen siminti da man fetur." Gaskiya ce ka faɗa. In zuciyarka tana ɗar-ɗar ta fuskar addini, ka duba aya ta 20 a Suratul Ankabut, inda aka umarce mu da mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba yadda Allah Ya fara halitta, sannan ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ku tattauna.

Mataki na 3: Digiri na farko

Ƙofa biyu ce: jiyoloji ko ilimin dabbobi. Ga ɗan Sakkwato na fi son jiyoloji, saboda tana koya maka aikin daji, kuma tana da hanyar abinci in binciken ya yi jinkiri. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen jiyoloji, haka ma Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, da jami'o'in Jos, Maiduguri da Ibadan. Ka sa rai sosai a kwasa-kwasan da suka shafi duwatsun laka da yashi, jerin shimfiɗu, burbushin halittu, da zana taswirar duwatsu a daji. A nan ne za ka fahimci yadda ake sanin shekarun dutse. Inda aka dace da tokar aman wuta, ana auna yadda yuraniyam ya rikiɗa ya koma dalma a cikin ƙwayoyin ma'adinin zirkon. A kwarin Sakkwato kuwa an fi dogaro da burbushin da aka riga aka san zamaninsu a wasu ƙasashe, irin su Libycoceras, wata dabbar teku mai naɗaɗɗen ɓawo da ake samu a Dukamaje, da ƙananan halittun foraminifera da ke cike da dutsen Kalambaina.

Sai dai jiyoloji ita kaɗai ba za ta sa ka gane rayuwar dabba ba. Dole ka nemi ilimin gaɓoɓi da kanka. Jami'ar Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi. Ka je ka yi sallama ga malamin da ke koyar da ƙirar jiki, ka ce, "Malam, ni ɗalibin jiyoloji ne, ina neman izini in riƙa zama a bayan aji, in kuma duba ƙasusuwan da ke ɗakin gwaji." Malami da wuya ya kori mai neman ilimi da ladabi.

Kwamfuta kuma: ka koyi manhajar R don ƙididdiga, da manhajar QGIS don taswira. Duka kyauta ne. Shafin Paleobiology Database yana nuna wuraren da aka samu burbushi a duniya, ka buɗe shi ka nemo Nijeriya da Nijar. A MorphoSource kuma akwai hotunan ƙasusuwa da za ka juya ta kowane gefe a allon kwamfutarka.

Lokacin furojet ɗin aji huɗu, kada ka ɗauki taken da ya fi ƙarfinka. Kwazazzabo ɗaya a Dange, a auna shi shimfiɗa bayan shimfiɗa, a tattara haƙoran kifi da ke ciki a tantance su, ya fi dogon rubutu a kan dainoson da ba ka taɓa gani ba. Wannan ƙaramin aiki shi ne za ka nuna wa farfesan waje gobe.

Mataki na 4: Ka koyi ƙashi da hannunka

Wannan ba ya bukatar kuɗi. Bayan layya, ko daga mahauta, ka roƙi ƙasusuwan rago. Ka cire naman, ka jiƙa su a ruwa cikin rufaffen bokiti nesa da ɗaki har sauran ya saki, ka wanke, ka shanya a inuwa. Sannan ka jera su a tabarma yadda suke a jikin dabbar, ka rubuta sunan kowane. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya, ka faɗi ko na dama ne ko na hagu, ta ina tsoka ta kama shi, da wane ƙashi ya haɗu. A daji ba za ka samu ƙwarangwal a jere ba. Guntu za ka samu, rabinsa a cikin dutse, kuma idon da ya saba ne kawai zai ce wannan gaɓar wuya ce, wancan na wutsiya.

Bayan rago sai kaza ko zabo, don su ne dainoson da ke hannunka. Ka duba ɗan ƙashin nan mai reshe biyu da ke gaban ƙirji, akwai irinsa a jikin dainoso masu cin nama. Ka karya ƙashin fiffike ka ga yadda cikinsa yake a rarake. Ka duba yatsu uku na gaba da ɓawon da ke ƙafa. In ka samu ƙashin guza, kififiya ko kifin giwan ruwa daga masunta, ka ƙara a tarinka.

Mataki na 5: Aikin daji

Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya wanke kwazazzabai ya tone sabon ƙashi, kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ka fita da asuba, ka dawo kafin azahar. Kayanka: gudumar dutse, kurfi, buroshi, gilashin ƙara girma, tef ɗin awo, ledoji, alƙalamin da ba ya gogewa, littafi mai ƙarfin bango, wayar da ke nuna lambobin GPS, da ruwa fiye da yadda kake zato.

Kafin ka taɓa dutse, ka ɗauki takarda daga sashenku ka kai gaisuwa wajen hakimi ko maigari. "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne daga jami'a, mun zo duba duwatsu, ba zinari muke nema ba." Ka faɗi haka ƙarara, don mutum da guduma a gonar wani abin zargi ne. Ka nemi a haɗa ka da ɗan gari, ka kuma biya shi ladansa. Masu haƙar rijiya, masu haƙar yumɓu da masu tsintar jifsam sun san cikin ƙasar nan fiye da kowane littafi. Ka nuna musu hoton haƙorin shak ka ce, "Baba, kun taɓa cin karo da irin wannan?" Amsar za ta iya rage maka tafiyar mako guda.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Gabashin jihar, har da wasu wuraren da suka fi ƙashi, yana fama da 'yan bindiga. In mutanen gari suka ce kada a shiga, ba a shiga. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka kwana a daji, kuma a gida a san inda kake.

Yawancin aikin tafiya ce a hankali, kai a sunkuye. In ka ga gutsattsarin ƙashi a gindin kwazazzabo, ka bi su zuwa sama har inda suka ƙare, nan ne shimfiɗar da suka fito. Da ka samu ƙashin a mazauninsa, ka ajiye guduma ka ɗauki littafi. Ka rubuta rana, lambobin wurin, sunan shimfiɗa, launin dutsen da laushinsa, mita nawa daga gindin kwazazzabo, ta ina ƙashin ya fuskanta, me ke kusa da shi. Ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Ka ba shi lamba, ka rubuta ta a littafi da kan leda. Ƙashin da ba a san inda aka ɗauko shi ba ya rasa mafi yawan amfaninsa, ko da ya kai ƙofar ɗaki girma.

Ƙananan abubuwa irin haƙora ana naɗe su a takarda mai laushi. Babban ƙashi kuwa ba a finciko shi. Ana haƙa rami kewaye da shi a bar shi a kan dutsensa, a rufe da jiƙaƙƙiyar takarda, a naɗe da tsummokaran algarara da aka tsoma cikin kwaɓin filasta, a bari ya bushe, sannan a sare ƙasan a kife shi a rufe ɗaya gefen. In ba ka taɓa yi tare da wanda ya iya ba, ka rufe wurin da ƙasa ka je ka kira malaminka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ka samo kuma na sashenku ne ko gidan tarihi, ba na kasuwa ba, ba kuma na ɗakinka ba.

Mataki na 6: Yadda ake karanta ɗabi'a daga ƙashi

Wannan shi ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ba wanda ya taɓa ganin Nigersaurus yana kiwo. Aikinka irin na mai bin sawu ne, wanda zai dubi ƙasa ya ce raƙumi ne, yana ɗauke da kaya, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma in ka tambaye shi dalili ya nuna maka da yatsa.

Fara da haƙori. Nigersaurus, mai tsawon kusan mita 9, yana da faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wasu a bakin aiki, wasu a jere a bayansu suna jiran canji. Da aka yanka haƙoran aka ƙirga layukan da suke ajiyewa kullum a cikinsu, sai aka gano kowane haƙori yana sauyawa cikin kwana 14. Dabbar da ke cinye haƙori da wannan sauri tana cin abin da ke goge shi, kuma ƙananan karce da ke jikin haƙoran sun dace da mai kiwon tsirrai na ƙasa-ƙasa, masu haɗe da ƙura da yashi. Suchomimus kuwa yana da dogon baki siriri da haƙora masu tsini, irin na mai kama kifi. Hujjar ta ƙara ƙarfi saboda ɗan'uwansa Baryonyx, da aka samu a Ingila a 1983, an tarar da ɓawon kifi a inda cikinsa yake. Kashin dabba da ya zama dutse ma shaida ne, kuma ana samun irinsa a shimfiɗar Dange. In an yanka shi ana ganin ƙayar kifin da aka ci.

Sai sawu. A 1976 R. McNeill Alexander ya fitar da hanyar ƙiyasta gudun dabba daga sawunta. Tsayin ƙugu yakan kai kusan ninki 4 na tsawon sawun. Ka auna tazarar da ke tsakanin sawun ƙafa ɗaya da inda wannan ƙafar ta sake sauka, ka raba da tsayin ƙugu. In amsar ba ta kai 2 ba, tafiya take yi. In ta kusa 3 ko ta wuce, gudu ne. Ka gwada wannan a laka a bakin gulbin Rima da zabi ko awaki. Ka kalle su suna tafiya, ka auna sawun, ka ga inda lissafin ya dace da inda ya kauce. Sawaye da yawa masu fuskantar gefe ɗaya suna iya nuna garke, amma suna iya zama na dabbobin da suka bi gaɓar ruwa ɗaya a ranaku daban-daban. Dole ka tambayi kanka wanne ne.

Cikin ƙashi ma yana magana. Ana yanka shi siriri har haske ya ratsa, a duba a maikiroskof. Akwai layukan da ke nuna inda girma ya tsaya a kowace shekara, da su ake ƙiyasta shekarun dabba da saurin girmanta. Anusuya Chinsamy-Turan ta jami'ar Cape Town tana cikin manyan masana wannan fanni a duniya, kuma 'yar Afirka ce. A 2005 Mary Schweitzer ta ba da rahoton wani irin ƙashi a cikin cinyar Tyrannosaurus wanda a yau macen tsuntsu ce kawai take yin sa lokacin saka ƙwai.

Ƙwai da sheƙa kuwa sun koya wa masana darasi. A shekarun 1920 an samu Oviraptor a Mongoliya kusa da wasu ƙwai, aka yanke masa hukuncin ɓarawo. Sai a shekarun 1990 aka samu ɗan tayi na danginsa a cikin irin wannan ƙwan, aka kuma samu babba zaune a kan sheƙa, hannuwansa sun rufe ƙwan. Ashe kwanci yake yi. A Montana ta Amurka, Jack Horner ya samu sheƙunan Maiasaura da 'ya'ya a ciki a ƙarshen shekarun 1970, abin da ya nuna iyaye suna kula da su bayan ƙyanƙyasa. A Afirka ta Kudu ma an samu ƙwan Massospondylus da 'yan tayi a ciki.

Inda ƙashi ya yi shiru, ana duba dangi masu rai ta gefe biyu: tsuntsu da kada. Lawrence Witmer ne ya tsara wannan hanya a 1995. Tsuntsu yana gadin sheƙa, kada ma yana yi, to akwai dalilin zaton dainoso ma ya yi. In ɗaya ne kawai yake da ɗabi'ar, sai a sassauta murya.

Ka koyi wannan sassautawa da kyau. A 2007 an sa ƙoƙon kan Nigersaurus a na'urar hoton CT, aka duba kunnen ciki, aka ce kullum bakinsa a ƙasa yake. Daga baya wasu suka auna dabbobi masu rai, suka nuna cewa kunnen ciki ba ya faɗin yadda dabba take riƙe kai daidai-wa-daida. Haka fannin yake tafiya. A kowane rubutu naka ka raba abu uku: abin da ka gani, abin da ka fahimta daga gare shi, da abin da kake zato.

Mataki na 7: Digiri na biyu da na digirgir

Bayan bautar ƙasa, ka nemi malami kafin ka nemi jami'a. Ka karanta takardun bincike, ka ga wane ne yake aiki a kan abin da kake so. A Afirka akwai jami'ar Witwatersrand a Johannesburg, da Cape Town, da cibiyar da Hesham Sallam ya kafa a jami'ar Mansoura ta Masar, wadda ta fito da Mansourasaurus a 2018 da hannun Misirawa. Wannan ta Masar ita ce misalin da nake so mu dinga kallo, domin daga jami'ar gida ta tashi, da ɗaliban gida, har da mata a sahun gaba. A Ingila jami'ar Bristol ta yi suna a digiri na biyu na wannan fanni.

Wasiƙarka ta imel ta zama gajera: ko kai wane ne, wace takardarsa ka karanta, me ka yi da hannunka, wace tambaya kake son amsawa. Ka haɗa da furojet ɗinka da hoto biyu ko uku na abin da ka tattara, kowane da ma'auni da lamba. Farfesa yana samun wasiƙu da yawa daga masu cewa suna son dainoso tun suna yara. Wanda ya ce yana da haƙora da gaɓoɓi daga Dange, an rubuta mazaunin kowane, kuma yana jin harshen mutanen wurin, shi ake amsa wa.

Kuɗin karatu: tallafin Commonwealth na Ingila, DAAD na Jamus, asusun PTDF na gwamnatin Nijeriya a fannonin da suka shafi man fetur, da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ga wanda ya riga ya zama malamin jami'a. Gidauniyar PAST ta Afirka ta Kudu tana tallafa wa binciken burbushi a nahiyar. Ƙungiyoyi irin su Society of Vertebrate Paleontology da Palaeontological Association suna da ƙananan tallafi na ɗalibai. A Amurka digirin digirgir na kimiyya galibi yana zuwa da albashin koyarwa ko na bincike. In ba ka samu fita a karon farko ba, ka yi digiri na biyu a gida kan jerin shimfiɗu ko ƙananan burbushi, ka fitar da takarda ɗaya a mujallar kirki, ka sake nema.

Mataki na 8: Abin da za ka ci

Masanin dainoso ba ya shekara a hamada. Makonni kaɗan ne na daji, sauran watannin na goge ƙashi ne da allura, awo, rubutu, koyarwa da neman kuɗin bincike. A Nijeriya ba za ka ga tallar aiki da sunan mai binciken dainoso ba, don haka ka shirya rigar da za ka shiga da ita. Mafi kusa ita ce koyarwa a sashen jiyoloji ko na ilimin dabbobi, inda bincike yake cikin aikinka. Akwai hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, NGSA, da hukumar gidajen tarihi. Kamfanonin mai suna ɗaukar masu karanta foraminifera da ƙwayoyin furen dauri don sanin shekarun shimfiɗun da suke haƙawa. Masana'antar siminti da aikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ma suna bukatar wanda ya san Kalambaina da Gwandu. Ka yi rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa masana duwatsu da ma'adinai rajista, in za ka yi aiki a matsayin masanin jiyoloji, ka kuma shiga NMGS, ƙungiyar masana duwatsu da ma'adinai ta Nijeriya, tun kana ɗalibi don ka riƙa zuwa taronta.

Duk inda ka samu kanka, ka roƙi shugaban sashe kabad ɗaya mai makulli da rajista ɗaya. Kowane haƙori da kowace gaɓa su shiga da lamba, da sunan shimfiɗa, da sunan wanda ya tsinta, ko da mai haƙar rijiya ne. In baƙi suka zo neman haɗin gwiwa, ka karɓe su hannu biyu, domin suna da na'urori da kuɗin da ba mu da su. Amma kafin a ɗaga guduma a rubuta a takarda cewa ƙashin aro ne za a ba su, da ranar dawowa, ɗalibanmu za su shiga aikin tun daga haƙa har rubutu, kuma lambar da za a buga a mujalla ta rajistar Sakkwato ce.